Cin Rani a Yamai

Kowace shekara, in an ƙare aikin kaka, samari da magidanta sukan ɗaure ƴan kayansu su nufo Yamai. Wasu daga Dogondutsi, wasu daga Tawa, wasu daga Birnin Ƙonni, Maraɗi ko Damagaram. Ana ce musu ƴan ci-rani. Suna zuwa neman kuɗi kafin ruwa ya sauka. Wani ya yi dako a kasuwar Katako, wani ya tura kurar ruwa, wani ya yi wanki a bakin kogi, wani kuma gadi.

Watannin farko ba su da wuya, don lokacin ɗari ne. Amma daga watan Maris sai gari ya sake. Bazara ta shigo. A nan ne ake gane wanda ya zo cin rani, da wanda rani zai ci. Wannan karatu zai nuna mana abin da ke kawo zafin Yamai, da yadda baƙo zai zauna da shi lafiya, har ma ya ji daɗinsa.

Yamai garin baƙi ne

Ɗan uwa, in kai baƙo ne a Yamai, kada ka ji kunya. Kusan kowa a nan baƙo ne, ko ɗan baƙo. A da can ƴan ƙauyuka ne kawai a bakin kogi, irin su Gudel, Gamkalle da Saga. A shekarar 1926 Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka maido shi nan. Tun daga lokacin mutane suke ta zuwa. Yau akwai Zabarmawa, Hausawa, Fulani, Buzaye, Barebari da Gurmawa. Akwai mutanen Najeriya, Benin, Togo, Mali da Burkina Faso. Akwai Larabawa, Turawa da mutanen Sin. Unguwar Zango ma sunanta ya nuna masaukin baƙi ce.

Dukansu rana ɗaya ke dukansu. Ba ta tambayar kowa takardar ɗan ƙasa.

Me ya sa bazara ke da zafi haka?

Ana auna zafi da wani abu da ake kira digiri. Jikin mutum mai lafiya yana da digiri 37. A Yamai, cikin watan Afrilu (wata na 4) da watan Mayu (wata na 5), zafin rana yakan kai digiri 41, wasu ranaku har 45. Ke nan iskar da ke waje ta fi jikinka zafi. Da dare ma ba ya sauka sosai, yakan tsaya wajen 27 ko 28. A watan Janairu kuwa, da asuba, yakan sauka har 16.

Dalilai uku ne suka haɗu.

Na farko, rana tana bi ta tsakar kanmu. Ka gwada da kanka: a ƙarshen watan Afrilu, wajen ƙarfe ɗaya saura na rana, ka kafa sanda tsaye a fili. Za ka ga kusan ba ta da inuwa. Hasken rana yana faɗowa miƙe, kamar ruwan da aka zubo daga bisa.

Na biyu, ƙasa ta bushe. Wata shida ko bakwai ba a yi ruwa ba. Ba ciyawa, ba girgije. Iskar ɗari mai sanyi ta tsaya. Ba abin da ke tare rana.

Na uku, Yamai tana nesa da teku. Hanyar mota daga nan zuwa Kwatano ta kai wajen kilomita 1000. Teku yana sanyaya garuruwan da ke bakinsa. Mu ba mu da wannan.

A cikin watan Mayu sai iska mai laima ta fara tasowa daga kudu. Ita ce ke jawo damana. Amma kafin ruwa ya sauka, wannan laima takan sa zufa ta ƙi bushewa a jiki. Shi ya sa ƙarshen bazara ya fi farkonta wuya. Tsofaffi sukan ce zafin nan ruwa yake dafawa. Maganarsu tana kan hanya, don zafin ƙasa ne ke jawo iskar teku zuwa wajenmu.

A wani gefen duniya

Ga wani abin mamaki. Lokacin da muke jin ɗumi a bakin wuta cikin watan Janairu, wasu mutane suna tsakiyar lokacin zafinsu. Duniya kamar ƙwallo take, tana kewaya rana sau ɗaya a shekara, kuma a ɗan karkace take. Wata shida rabinta na arewa ke fuskantar rana sosai, wata shida kuma rabinta na kudu. Nijar tana cikin rabin arewa. Yawancin ƙasashen Amurka ta Kudu suna cikin rabin kudu. Saboda haka lokutanmu da nasu a juye suke.

A Buwenos Aires, babban birnin Ajantina, watan Janairu ne ya fi zafi. Da rana yakan kai wajen digiri 30. Kai da ka san Yamai za ka yi dariya, amma su a wajensu zafi ne. A lokacin ne ƴan lakwal suke babban hutu, daga Disamba har ƙarshen Fabrairu. Masu hali sukan tafi bakin teku. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8, don haka waɗanda suka rage a gari, da baƙi, sukan fita da yamma su zauna cikin itatuwa. Suna da wani ganye da suke jiƙawa a ɗan ƙoƙo, ana ce masa mate. Ƙoƙo ɗaya ne yake zagayawa daga hannu zuwa hannu, kamar yadda ƴan fada suke yi da shayi. A Asunsiyon, babban birnin Faragwai, inda zafi ya fi tsanani, da ruwan sanyi suke jiƙa shi.

Akwai kuma wani birni a ƙasar Birazil, sunansa Salbado, a jihar Bahiya. Nisansa da layin tsakiyar duniya kusan ɗaya ne da na Yamai, sai dai shi yana kudu, mu muna arewa. Amma shi a bakin teku yake, don haka zafinsa ba ya wuce wajen digiri 30 da yawa. Hausawa sun taɓa zama a wannan birni, ba da son ransu ba. Bayi ne aka kai su cikin jiragen ruwa. A shekarar 1807 aka gano Hausawan Bahiya suna shirin tawaye. A watan Janairu na 1835, cikin azumi, Musulmin birnin suka tashi, yawancinsu Yarabawa, tare da wasu Hausawa. Ba su ci nasara ba. Sai a 1888 aka hana bauta a Birazil. Har yau mata masu fararen tufafi suna soya ƙosai da manja a titunan Salbado, suna kiransa akaraje.

Abin da za mu ɗauka a nan shi ne: kowane gari da zafinsa, kuma kowane gari da dabarar da mutanensa suka koya. Baƙo mai hankali yakan dubi ƴan gari ya yi yadda suke yi. Hausawa sun ce, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. To bari mu ga dabarar mutanen Yamai.

Raba yininka uku

Dabara ta farko ita ce sanin lokaci. A bazara ba a kokawa da rana.

Daga asuba zuwa wajen ƙarfe 11, lokacin aiki mai nauyi ne. Mai dako, mai gini, mai tura kura, duk su yi ƙoƙari su ci ƙarfin aikinsu a nan.

Daga ƙarfe 12 zuwa la'asar, lokacin inuwa ne. Dubi titunan Yamai a wannan lokaci, za ka ga mutane sun ragu. Ba lalaci ba ne, hankali ne. In dole ka fita, sa malafa ko rawani, ka sa riga mai faɗi ta auduga, fara in da hali. Baƙar riga da rigar leda suna riƙe zafi. Ɗakin kwano ya fi waje zafi da tsakar rana. Gara gindin bedi, wato dogon yaro, ko rumfar zana. Tun wajen 1965 aka fara dasa bedi kewaye da Yamai don ya tare iska da ƙura. An sare da yawa daga ciki an yi gidaje. Wanda ya rage, mu kiyaye shi, don inuwarsa ta kowa ce.

Daga la'asar zuwa dare, gari yakan farfaɗo. Nan ne daɗin yake, kuma za mu zo kansa.

Azumi yakan faɗo cikin bazara, kamar yadda ya yi a 1989 da kuma 2021. Kowace shekara yana matsowa da kwana 11, sai bayan shekara 33 ya komo wurinsa. In ya zo haka, mai aikin ƙarfi ya roƙi maigidansa a fara aiki tun da jijjifi, ya kuma sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur.

Ruwa da abinci

Zufa ita ce fankar da Allah ya yi wa jiki. In ta bushe a fata, sai ta tafi da zafi. Amma zufa ruwa ce da gishiri. Abin da ya fita sai an maida shi. Kada ka jira sai ƙishirwa ta kama ka. Sha kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Ga yadda za ka gane ko ruwan ya ishe ka: dubi fitsarinka. In fari ne, lafiya. In ya yi ja kuma ɗan kaɗan ne, jikinka yana neman ruwa.

Wuta takan ɗauke a bazara, galas ya yi tsada. Amma randa ba ta bukatar wuta. Jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Wato randa ma zufa take yi. Aje ta a inuwa inda iska ke bi, ka rufe bakinta, ka ware moɗa ɗaya ta ɗiba. Matan Bubon, wani gari a bakin kogi, wajen kilomita 25 daga Yamai, sun shahara da ginin randuna. Kasuwarsu ran Laraba take ci.

Wani malami na arewacin Najeriya, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa wata dabara cikin shekarun 1990. Ana sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da rairayi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatir, tattasai da yalo sukan yi kwanaki a ciki ba su lalace ba. A shekarar 2000 aka ba shi babbar kyauta ta duniya saboda wannan aiki. Ke uwargida mai sai da kayan miya, gwada ki gani.

Bazara kuma tana da nata kayan daɗi. Lokacin mangwaro ne. Ga kankana, ga fura da nono, ga zoɓo, ga ruwan tsamiya, ga ruwan citta da Zabarmawa ke kira lemu hari. Ga kwaɗon zogale, wanda a nan ake ce wa kopto, da dambu. Da ɗan kuɗi kaɗan mutum zai ƙoshi. Sai dai a kula: abinci yana saurin lalacewa da zafi. Tuwon da ya kwana, a ɗumama shi sosai. A wanke mangwaro kafin a ba yaro. Abin sha da ba ka san da wane ruwa aka yi shi ba, gara ka bar shi.

Bakin kogi

Babbar kyautar da Allah ya yi wa Yamai ita ce kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara. Ya taso daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali, ya biyo ta nan, ya wuce Najeriya. Sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko a watan Agusta da Satumba, ruwan ja ne, na damanarmu. Cika ta biyu wajen Janairu, ruwan Gini ne da ya yi watanni a hanya. Daga nan sai ya yi ta ja baya har watan Yuni. A watan Yuni na 1985, bayan babban fari, kogin ya tsaya cak a Yamai, ya daina gudu. Manya suna tunawa da wannan.

A bazara tsibirai da rairayi sukan fito. Bayan la'asar, ka gangara ta Yantala ko ta Gamkalle. Za ka ga lambuna kore shar, da shanun Fulani suna shan ruwa, da masunta cikin kwalekwale, da tufafin masu wanki a shanye. Iskar wurin ta fi ta cikin gari sanyi. Ka hau gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ka dubi faɗuwar rana ta wajen Harobanda. Wannan suna da Zabarmanci yana nufin bayan ruwa. Turawa sukan biya kuɗi su zauna a otal don su ga wannan. Kai kyauta za ka gani.

Amma kogi ba tafkin garinku ba ne. Ko ya janye, yana da ramuka masu zurfi. Akwai dorina a wasu wurare, kuma ba ta wasa. Ruwan da ya kwanta a gefe yana sa tsargiya, wato fitsarin jini. In ba ka iya iyo ba, tsaya a gaɓa. Kada ka bar yara su shiga su kaɗai. Tambayi masunta, su suka san ruwansu. Matambayi ba ya ɓata.

Ran da ba ka da aiki, je gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959. Kuɗin shiga ba yawa. Akwai inuwa, akwai namun daji, akwai maƙera, dukawa da masaƙa suna aiki. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu tun kafin mutane, da kututturen icen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin hamada har mota ta buge shi a 1973. Kai da ka fara karatu, ga wurin gwaji: tsaya ka karanta allunan da kanka.

Dare da maƙwabta

A bazara mutanen Yamai ba su kwana ɗaki. Da magariba akan yayyafa ruwa a tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi. Ka yi wanka kafin ka kwanta. In zafi ya yi yawa, jiƙa zane ka matse ka rufa da shi. Ka ɗaura gidan sauro, musamman in kana kusa da kogi ko lambu. Ka kakkaɓe tabarma da takalmi, don kunama ma zafi ke fito da ita.

A ƙofofin gidaje za ka ga fada: samari da dattawa a kan benci, ga butar shayi a kan gawayi, ga rediyo. A nan ake jin labarin aiki, da na ɗakin haya mai araha, da na motar da za ta gida. Baƙon da ya ƙunshe kansa a ɗaki, zafi biyu ke damunsa, na rana da na kewa. Fito ka yi sallama. Hausa tana tafiya ko'ina a Yamai, amma ƴan kalmomin Zabarmanci suna buɗe ƙofa. Ga kaɗan:

Fofo: sannu, ko na gode.
Mate ni go?: yaya kake?
Baani samay: lafiya lau.
Fonda goy: sannu da aiki.
Hari: ruwa.
Kala suuru: sai haƙuri.

Wanda ka gaishe shi da harshensa, ba zai hana ka inuwar ƙofarsa ba.

Alamun haɗari

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi. Zafi yana kisa. Ya fi kama jarirai, tsofaffi, mata masu ciki, da masu aiki cikin rana.

In mutum ya ji jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ko jijiyoyinsa suna ɗaurewa, ya bar aiki nan take. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko ya suma, wannan babban haɗari ne. A zuba masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a ruga da shi gidan likita. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

In yaro yana zawo, a samo ƙunshin garin gishiri da sukari a gidan likita. In babu, a haɗa a gida: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba shi, a kuma kai shi a duba shi. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi ko da zafi. A dai ƙara ba shi, uwar kuma ta sha ruwa sosai.

Lokacin zafi da ƙura shi ne lokacin sanƙarau. Ta yi ɓarna ƙwarai a Nijar a 1995 da 1996. A 2015 ma ta komo, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki cikin watan Afrilu. Alamunta su ne zazzaɓi mai ƙarfi, ciwon kai, amai, da sandarewar wuya. Ba a jiran gobe da ita. Ƴan ci-rani da ke cunkusuwa su goma a ɗaki ɗaya, su fi kowa kula. In an yi shelar allurar rigakafi, je ka a yi maka, ka kai iyalinka. Rigakafi ya fi magani.

Kafin ruwa ya sauka

Wata rana cikin watan Yuni za ka ga gabas ta yi ja, iska ta taso da ƙura, sannan ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari. Tashoshin mota za su cika da masu komawa gida shuka. Iyalinka suna jiran kuɗin da ka tara, amma sun fi bukatar ka komo da ƙarfin riƙe hauya. Wanda ya ƙona kansa cikin rana don ƙarin dala ashirin, ya ƙare a gadon likita, ya yi asarar rani da damana gaba ɗaya. Wanda kuwa ya san lokacin aiki da lokacin inuwa, ya sha ruwa, ya yi abokai, ya ga kogi, shi ne ya ci rani. Allah ya ba mu damana mai albarka.

Tambayoyi

1. Waɗanne watanni ne suka fi zafi a Yamai?
2. Faɗi dalilai uku da ke kawo zafin bazara.
3. Me ya sa ake zafi a Buwenos Aires lokacin da muke ɗari?
4. Yaya randa take sanyaya ruwa?
5. Me za ka yi in abokin aikinka ya suma cikin rana?
6. Rubuta wasiƙa ta layi biyar zuwa ga ƙanenka da zai zo cin rani, ka ba shi shawara.